Filin Makanikai: Juyen Baƙin Mai a Babur ɗin Daji

Wasiƙun wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato juyen baƙin mai a babur ɗin daji, dogon babur ɗin nan mai tayoyi masu manyan haƙora da ake tsere da shi, ko ake ratsa rairayi da laka da duwatsu. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita wasu saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi babur ɗin daji na hannu, mai inji 250, mai bugu huɗu, wato irin wanda ba a haɗa masa mai a fetur. Ina so in riƙa yi masa juye da kaina a gida. Me zan tanada, kuma ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Rabin awa ya ishi aikin nan, sai dai ƙananan kurakuran cikinsa su ne masu kashe inji, don haka bari mu bi shi daki-daki.

Kafin ka ɗauki sifana, nemo littafin babur ɗin, na samfurinsa da shekararsa. Idan bai zo da shi ba, manyan kamfanonin babura suna sa littattafansu a intanet. Abu uku kake nema a ciki: kaurin man da aka ce a zuba, yawansa, da ƙarfin ɗaurin kowane noti. A wajen yawan mai za ka ga adadi uku: na juye kawai, na juye tare da canjin filta, da na injin da aka kwance aka sake haɗawa. Na tsakiyan shi ne naka. Injinan tsere na 250 da 450 cikinsu ƙarami ne, yawanci daga mililita 700 ne zuwa lita 1.2. Saboda haka kada ka juye galan na lita ɗaya gaba ɗaya da sunan ai kusan daidai ne.

Ka tanadi mai, da sabuwar filta, da sabuwar washa ta notin juye, da zoben roba na murfin filta. Sai soket mai lamba 8 na ƙananan notuna, da wanda ya dace da kan notin juyen, da sifana mai awon ɗauri, da kofin awo mai layukan mililita, da mazurari, da tsummoki, da safar hannu ta roba. Kwanon tarar man ya zama mai faɗi, wankakke, mai hasken ciki, domin abin da zai faɗa cikinsa labari ne da za ka karanta daga baya.

Fara da wanki. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali shi ya bambanta babur ɗin daji da na titi. Cire farantin kariyar da ke ƙarƙashin inji, ka sa buroshi ka kankare busasshiyar lakar da ta maƙale a gefen notin juye, da murfin filta, da murfin zuba mai. Ƙwayar yashi ɗaya da ta gangara ta bakin zuba mai ta shiga cikin inji ke nan.

Tayar da shi, ka bar shi a silo minti uku zuwa biyar. Mai mai ɗumi ya fi saurin gudu, kuma dattin da ya kwanta a ƙasa yakan taso ya biyo shi. Ɗumi ake so, irin wanda za ka iya ɗora tafin hannu a murfin kuloci ka ɗan jure. In daga hawa ka sauko, ba shi minti goma ya huce, ka kuma yi hattara da salansa. Kashe shi, ka tsayar da shi cak a kan abin ɗora babur, a wuri mai baje.

Yanzu ka tabbatar da notin da za ka kwance. A jikin murfin famfon ruwa akwai wani ɗan noti shi ma mai washar jan ƙarfe, na zubar da ruwan lagireto ne, kuma sababbin hannu suna yawan rikita su. Na juye yana can ƙasan cikin injin, ko a gefe daf da ƙasa. Buɗe murfin zuba mai tukuna don iska ta shiga. Sa soket ya zauna sosai a kan notin, ka sassauta, sannan ka ƙarasa da yatsu kana ɗan danna shi ciki, har ka ji ya bar haƙorin ƙarshe, sai ka fizge hannunka gefe. Duba tsohuwar washar, wani lokaci takan manne a jikin inji, mutum bai gani ba ya ɗora sabuwa a kanta, mai ya riƙa ɗiga. Idan zubar ta koma ɗigo, karkata babur ɗin dama da hagu, za ka ga wani ya sake fitowa. Mai kik kuma, a danne madannin kashe inji a taka kik ɗin a hankali kamar sau biyar, famfon mai zai turo ragowar.

Wasu injinan, musamman na KTM da Husqvarna, suna da 'yar rariyar mai, wasu har biyu, a bayan wasu notuna dabam. A zaro su a wanke, a busar, a duba zobban robarsu, a mayar. Wajen mayarwa a tabbata rariyar ta shiga raminta na can ciki sosai kafin a ɗaure, in ba haka ba notin zai murƙushe ta.

Sai filta, kuma nan ne ake yin kuskure mafi tsada. Kafin ka zaro tsohuwar, ɗauki hotonta da waya yadda take zaune. Notunan murfin ba lallai tsawonsu ya zo ɗaya ba, ka jera su a kan tsumma yadda suka fito. Filtar tana da fuska biyu, ɗaya mai rami da bakin roba, ɗaya a toshe. In aka juya ta, fuskar da ke toshe za ta rufe hanyar mai. Inji zai tashi lafiya lau, ba wata alama, amma kamshaf da bawul suna can suna aiki a bushe, cikin 'yan mintuna a yi asarar kan inji. A filtar Honda CRF an rubuta OUT-SIDE a fuskar da za ta kalli waje, kuma akwai ɗan sifirin da ke zama a bayanta. Ɗan giris kaɗan zai riƙe sifirin ɗin kada ya faɗi. Goge gidan filtar, shafa wa sabon zoben roba mai da yatsa, zaunar da shi a kwarinsa, ka tura murfin da hannu har ya kwanta daram kafin ka sa noti. Murfin da noti ne ya jawo shi ciki, to ya datse zoben.

Mayar da notin juye da sabuwar washa. Juyi uku ko huɗu na farko da yatsu kawai, in ya yi tauri tun farko to ya shiga a karkace, fito da shi. Ɗaurinsa a mafi yawan waɗannan injinan tsakanin Nm 15 ne zuwa 25 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifana mai awo), ƙananan notunan murfin filta kuwa wajen Nm 10, wasu ma ƙasa da haka. Ɗauri ne mai sauƙi ƙwarai, hannu ba ya yarda da shi a karon farko, shi ya sa muka dage a kan sifana mai awo.

Auna man a kofi, ka zuba, ka rufe. Tayar ba tare da ka murɗa totur ba, ka bar shi a silo minti biyu zuwa uku don filta ta cika. A injinan Yamaha YZ masu bugu huɗu akwai ɗan notin gwajin mai da ake sassautawa kaɗan: in mai bai tsattsafo ba cikin minti ɗaya, a kashe inji nan take a binciki dalili. Kashe shi, jira minti uku, tsayar da shi cak, ka duba. Mai tagar gilashi, man ya tsaya tsakanin layi biyu, kusa da na sama. Mai sandar awo kuma, duba littafi, domin a Honda ɗora ta kawai ake yi ba a murɗa ta ciki. Leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, mayar da farantin kariya, ka rubuta kwanan wata da awannin inji a inda ba za ka manta ba.

TAMBAYA: Abokan hawana suna cewa kowace awa biyar sai an yi juye. Mota tana yin dubban kilomita da mai ɗaya. Wannan ba almubazzaranci ba ne?

AMSA: Ɗan'uwa, kwatanta su. Ƙaramar mota tana ɗaukar wajen lita huɗu, kuma inji kaɗai man yake yi wa aiki, giya tana da nata. Babur ɗin tsere na 250 kuwa lita ɗaya ko ƙasa da haka yake ɗauka, injin yana iya haura juyi 13,000 a minti, kuma wannan ɗan man shi ke shafe fistin, shi ke cikin giya, shi ke wanke kuloci. Haƙoran giya suna yanka sinadaran da ke riƙe kaurin mai, har man da lambar kaurinsa 10W-40 ce ya tsinke ya koma ƙasa da yadda aka saye shi. Kuloci yana zuba masa garinsa, zafi yana dafa shi. Shi ya sa ba a lissafa masa kilomita, awa ake ƙirga masa.

Amma ba duk babur ɗin daji ne na tsere ba. Littafin Honda na CRF na tsere ya sa juye a kan tsere shida ko kimanin awa 15, na yawon daji irin CRF230F kuma kilomita 1,000 ko wata shida. Waɗanda aka yi don titi da daji duka suna kai dubban kilomita. A ganinmu, mai injin tsere da ke shiga rairayi mai zurfi ko laka yana ƙona kuloci, ya yi juye tsakanin awa biyar zuwa goma. Mai hawa a natse ya bi littafi, babu laifi. Sabon inji, ko wanda aka sake wa fistin da ringi, a yi masa juyen farko da wuri, bayan awannin farko na sabawa.

Ka sa agogon ƙirga awa, ɗan ƙaramin abu ne da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. Kada ka dogara da launi. Mai yakan yi baƙi da wuri alhali da sauransa, wani kuma ya mutu yana da haske. Ƙafarka ta fi idonka sani: in giya ta fara tauri, ko samun firi ya zama aiki, man ya gaji. Kuma duk juyen duniya ba zai ceci injin da matacin iskarsa yake a bushe ko a yage ba, domin ta nan ƙura take shiga.

TAMBAYA: Ragowar man motata na zuba, mai kyau ne, 5W-30. Tun daga ranar in na ba shi wuta a giya ta huɗu sai inji ya yi ta ihu babur ba ya gaba. Man ne?

AMSA: Da wuya in ba shi ba ne, Malam. Kulocin babur ɗinka a cikin mai yake wanka, kuma aikinsa shi ne faya-fayansa su kama juna. Man mota na zamani, musamman mai tambarin da aka rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving, an ƙara masa sinadaran santsi don rage shan fetur. A mota alheri ne, tunda kulocinta ba ya taɓa man inji. A babur kuwa faya-fayan sai su riƙa zamewa, kuma an fi jin haka a manyan giyoyi, kamar yadda ka kwatanta.

Saboda wannan matsalar ce Japan ta fito da ma'aunin JASO na man babura masu bugu huɗu a 1998. Juya galan ka duba bayansa: MA ko MA2 shi ne na kuloci mai wanka a mai. MB na ƙananan babura ne marasa canjin giya, waɗanda kulocinsu a bushe yake, kada ka saya. Kauri kuma a bi littafi. Da yawa 10W-40 ne, Honda ta fi kiran 10W-30, KTM kuma 10W-50 a injinanta da dama. Lambar farko tana nuna gudun mai a sanyi, ta biyu kaurinsa in inji ya ɗauki zafi.

Zubar da wanda ke ciki yanzu, ka sa na daidai da sabuwar filta, ka yi hawa mai sauƙi na awa ɗaya, ka sake juyewa. Sau da yawa kuloci yakan dawo. In bai dawo ba, faya-fayan sun ƙone sun yi sulɓi, sai an canza su, kuma a jiƙa sababbin a mai kafin a sa. Kafin duk wannan, taɓa hannun kuloci: in babu ɗan wasa na milimita biyu zuwa uku kafin waya ta fara ja, shi kaɗai ma yana sa zamewa.

TAMBAYA: Ɗana yana da ƙaramin babur ɗin tsere mai inji 85, mai bugu biyu. Wanda ya sayar mana ya ce ba a yi masa juye, a fetur kawai ake haɗa mai. Haka ne?

AMSA: Hajiya, rabin gaskiya ya faɗa miki. Man da ake haɗawa a fetur, mai alamar 2T, fistin da karanshaf yake shafawa, sannan ya ƙone ya fita ta salansa. Amma giya da kuloci suna cikin wani ɗaki dabam mai nasa man, kuma wannan dole a riƙa juye shi. Aikin ya fi na mai bugu huɗu sauƙi, babu filta: a ɗumama inji, a kwance noti ɗaya a ƙasa, a tsiyaye, a ɗaure, a zuba. Mai inji 85 wajen rabin lita yake ci, mai 250 kuma wajen mililita 750. Da yawansu suna da ɗan notin gwaji a jikin murfin kuloci, in babur yana tsaye cak aka kwance shi, mai ya ɗan leƙo bakin ramin, to ya yi daidai. Yaran da ke koyo suna yawan riƙe kuloci rabi-rabi, don haka man nan yana saurin baƙi, kowace awa goma a duba shi.

A zuba 10W-40 mai JASO MA, ko man giya na babura da aka yi don kuloci mai wanka a mai. Kada lambar 80W da ke jikinsa ta tsorata ki, ma'aunin man giya dabam ne, kaurinsa kusan ɗaya ne da na man inji. Wanda za a guje wa shi ne man giyar bayan mota mai alamar GL-5.

Haɗin fetur kuma a auna shi da kofi, kada a yi da ka. Haɗin 50:1 mililita 20 ne na mai a kowace litar fetur, 40:1 mililita 25, 32:1 kuma wajen 31. In kika ga man giya yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba, hayaƙi ya yi yawa, fulogi yana jiƙewa, to sil ɗin karanshaf na ɓangaren kuloci ya mutu, inji yana zuƙe man giya yana ƙonawa.

TAMBAYA: Ina ɗaure notin juye sai na ji ya yi laushi, yanzu juyawa kawai yake yi. Na naɗa masa farin tef na masu famfo. Zai riƙe?

AMSA: Ba zai riƙe ba, kuma kada ka hau shi a haka. Notin ƙarfe ne, jikin inji alminiyam, in aka matsa fiye da kima haƙoran jikin injin ne ke cinyewa. In ka zaro shi za ka ga zaren alminiyam a naɗe a jikinsa. Notin da girgiza ta kwance a tsakiyar tafiya zai zubar da man duka cikin daƙiƙoƙi, a gaban tayar baya kuwa.

Gyaran da ya dace shi ne a faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sababbin haƙora, a dasa haƙoran ƙarfe irin su Helicoil ko Time-Sert. A ramin da ake kwancewa kullum mun fi son na biyun, don dunƙulallen bututu ne, ba ya biyo noti ya fito. Dole ramin ya tafi a miƙe sak, in ya karkace washa ba za ta kwanta ba, ɗigo ba zai ƙare ba. A cika kwarin abin yanka haƙoran da giris don ya kama ɓarɓashi, a riƙa fito da shi ana gogewa, a ƙarshe a zuba mai ta sama a bar shi ya wanke ya fita kafin a rufe. In naman wurin siriri ne ko ya tsage, kai wa ƙwararren makanike.

Yawanci tsohuwar washa ce mafarin wannan. An yi ta ne ta lanƙwashe sau ɗaya ta toshe. In ta riga ta baje sai ta fara ɗiga, mutum ya ƙara matsa noti, wani juyen ya sake ƙarawa, har ranar da haƙoran za su sallama.

TAMBAYA: Man da na juye ya fito fari-fari, kamar an kwaɓa shi da farar ƙasa. Mene ne wannan?

AMSA: Ruwa ne ya shiga. Abin tambaya, daga ina? In ka ratsa rafi mai zurfi, ko inji ya mutu maka a cikin ruwa, tiyon numfashin inji yakan zuƙo shi. Wanki da injin feshi mai ƙarfi a kan sil-sil shi ma yana turawa. In fari-farin a ƙarƙashin murfin zuba mai kawai yake, sauran man lafiya, raɓa ce ta tayar da inji ana kashewa bai yi zafi ba, doguwar tafiya ɗaya za ta kore ta.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, buɗe lagireto inji yana sanyi. Ruwan ya ragu? To daga nan yake, kuma abin zargi na farko sil ɗin famfon ruwa ne. A yawancin injina akwai ɗan rami a ƙarƙashin famfon, in ya fara ɗigar da ruwa ko mai, sil ya tafi, kuma laka takan toshe ramin har ruwan ya rasa hanya sai cikin inji. A canza sil biyun tare, a shafa sandar famfon da farce, in ta yi kwari ita ma a canza, in ba haka ba sabon sil ɗin ba zai daɗe ba. In kuwa ruwan lagireto yana kumfa inji na aiki, ko yana amai ta tiyonsa, gaskit ɗin saman silinda ne.

Bayan gyara a yi juye biyu ko uku a jere, ana ɗumama inji tsakaninsu, har man ya fito garau. Kada a bar shi ya kwana biyu da ruwa a ciki, boris yana saurin tsatsa.

TAMBAYA: Na ga ƙyalƙyali a cikin tsohon man, da baƙin abu a kan maganaɗisun notin juye. Injin ya kusa bugawa ne?

AMSA: Murza shi tsakanin yatsu biyu. In laushi ne kamar toka da aka jiƙa, ba ka jin tsini, wannan cin yau da kullum ne na giya, goge shi kawai. Ɗan ƙyalli mai launin azurfa da ke yawo a mai in ka karkata kwanon a rana, wanda maganaɗisu ba ya kamawa, alminiyam ne, galibi daga kuloci. Kaɗan ba komai, musamman a sabon inji.

Abu uku ne ke sa a ajiye babur: ɓarɓashin ƙarfe mai tsini da yatsa ke ji, da ƙyalli mai launin tagulla, wanda yakan fito daga washoshin gefen sandar fistin a kan karanshaf, da yawan da ke ƙaruwa daga juye zuwa juye. Yanka tsohuwar filtar takarda, ka baje ninkinta a rana, a nan ne gaskiyar take taruwa. Ka kuma sansana man. In yana warin fetur, ya tsinke, ko ya fi wanda ka zuba yawa, allurar kafireto tana yoyo, fetur yana gangarawa cikin inji. Ka gyara ta, ka riƙa rufe makunnin fetur duk lokacin da ka ajiye babur.

TAMBAYA: Sandar awon man babur ɗina a saman firam take, kusa da wuya. Da safe na zaro ta a bushe, na ƙara kusan lita ɗaya. Yanzu mai yana fitowa ta akwatin iska, ga hayaƙi.

AMSA: Man bai ƙare ba, Malam, gangarawa ya yi. Babura irin su Suzuki DR-Z400 da Honda XR400R da XR650L a cikin bututun firam suke ajiye mansu. In sun kwana, wani kaso yakan sulale ƙasa cikin inji, sandar ta nuna babu. Ba a auna su da sanyi. Sai an tayar, an bar su a silo 'yan mintuna famfo ya mayar da man sama, a kashe, a tsayar cak, a auna a daidai lokacin da littafi ya faɗa.

Yanzu ya yi yawa, karanshaf yana dukansa yana kumfa, kuma mai mai kumfa ba ya shafa da kyau. Matsin ne ke turo shi ta tiyon numfashi zuwa akwatin iska. Tunda ƙarin ya kai lita, juye shi duka ka auna sabo. Wurin juyewa biyu ne, noti ɗaya a ƙasan bututun firam, ɗaya a ƙasan inji. Na firam ɗin yana feso mai gaba da ƙarfi, don haka juya kan babur gefe, ka kare taya da faifan birki da kwali. DR-Z400 lita 1.7 yake ci, 1.8 in da filta. Wanke matacin iska, ka share akwatin. Ƙarin da bai taka kara ya karya ba kuwa, sirinji da siririn tiyo sun isa a zuƙe shi ta sama.

TAMBAYA: Tsohon man, zan iya shafa wa sarƙa? In ba haka ba, ina zan kai shi?

AMSA: Kada ka shafa. Cike yake da garin ƙarfe, ba ya zama a jikin sarƙa, fallatsa yake yi a taya, ɗan wanda ya rage kuma ya kama yashi ya zama abin gurza. Zuba shi a galan ɗin da sabon ya fito, ka rufe, ka rubuta a jiki, ka kai wurin da ake karɓar tsohon mai don sake sarrafawa. Kada ka gauraya shi da ruwan lagireto ko man birki, gaurayayye ba ya sarrafuwa. Kada a zuba shi a ƙasa ko a kwata, yana bin ruwa har rijiya, kuma kada a ajiye shi a robar abin sha inda yaro zai iya kai hannu. Tsohuwar filtar a kife ta a mazurari ta kwana tana tsiyaya, sannan a ɗaure ta a leda a tafi da ita tare da man. In ya taɓa fata a wanke da sabulu nan da nan, ban da fetur.